Inuwa a Kan Faifan Kawu

Tun daga Gidan Rumji har iyakar Gazawa mutane kashi biyu ne, ba a kuma taɓa samun na uku ba: akwai waɗanda suka yarda cewa inuwar tumatir baƙa ce, akwai waɗanda suka zauna a ajin kawuna. Kashi na farko su ne masu yawa. Su ke riƙe da kasuwa da buro, wato ofis, da sahun gaba a masallaci, suna kuma barcinsu lafiya lau. Mu ƴan kashi na biyu kuwa, a ƙarshen daminar bana, wata Talata bayan azahar, Allah ya karɓi shugabanmu, ya bar mu da ido irin wanda ba ya iya duban ƙwaryar nono ya ce fara ce ya wuce. Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma muka nufa. Kawu dai ya riga mu isa.

Ban samu jana'iza ba. Ina Agye, inda nake koyar da tarihi a lise, babbar sakandare, kafin in samu mota an riga an kai shi makwancinsa. Da na iso kashegari na iske an baza tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar bedi, ana ta karɓar gaisuwa. Tsofaffin abokan aikinsa na kolej sun ce bai taɓa makara ba. Wani dattijo mai unguwa ya ce marigayi bai taɓa cutar kowa ba, ko da yake har ya rasu ba a gane amfanin sana'arsa ba, ya kuma faɗi haka ne a matsayin yabo. Daga cikin gida aka kawo labarin wasu mata masu kayan miya da suka taso tun daga Cadakori a amalanke. Sun ce shi kaɗai ne mai saye da ba ya latsa tumatir, sai ya ɗaga shi sama ya yi ta juya shi a rana kamar mai duban tsohon zobe. Can gefe kuma wani ƙaton mutum mai hannu duk fenti, mai rubuta alluna a bakin tasha, yana ta kuka ba sauti. Tsohon ɗalibin kawu ne, zan dawo kansa.

Sai da na zauna na lura da wani abu. Wurin da inuwar bedin ta fi kauri, daidai saitin ƙofar shagon kawu, babu kowa. An shimfiɗa tabarma amma an bar ta. Dattawa sun gwammace su matsu a gefe rana tana dukan ƙafafunsu. Duk wanda ya zo sabo nan yake fara zama, ya yi addu'a, ya shafa, ya ɗaga kai, sai ka ga ya tuna yana da magana da wani a ɗaya gefen.

Na tashi na koma can na zauna.

An buɗe ƙofar shagon ne don a fito da bencuna, ba wanda ya tuna ya rufe. A ciki, a kan mariƙinsa, zanen kawu na ƙarshe, wanda ya yi a jikin katako, yana fuskantar waje. Faifai ne a kan farin ƙyalle, da gauta da kuɓewa da jan tattasai, irin abin da ya shafe rayuwarsa yana zanawa. Sai dai rabin faifan yana ƙarƙashin wata doguwar inuwa da ta shigo daga dama. Tana da kai, tana da kafaɗu. Inuwar mutum ce a tsaye, ya ɗan sunkuyo kamar mai son ya ga abin da ake yi. Na miƙe na nufi ƙofar. Ina matsawa tana watsewa, kafin in kai gaban katakon babu kai babu kafaɗa, sai ɗige-ɗigen shuɗi da shunayya da ƴan tsirarun ruwan goro, kowanne zaune kusa da ɗan'uwansa ba su taɓa juna ba. Na ja da baya, mutumin ya dawo.

Na rufe ƙofar. Kafin la'asar tabarmar nan ta cika.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na yi shekarun kolej, don haka na ci tuwonsa na kuma sha ajinsa, na biyun ya fi zama a ciki. Malamin zane ne. A ƙuruciyarsa an tura shi ƙasar Faransa ƙaro ilimi na ƴan watanni, can ya ga aikin wasu masu zane na da, waɗanda suka gaji da duhun ɗaki suka ce za su zana abin da ido ya fara kamawa kafin hankali ya sa baki. Shi yana kiransu mutanen kallon farko. Wasu sukan dawo daga Turai da rediyo, wasu da tari. Kawu ya dawo da magana guda, cewa Allah bai halicci baƙar inuwa ba, ragwancin ido ne ya ƙirƙiro ta.

Ga yadda ajin yake. Zai shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga, ya ɗora faifai, ya jera abin da kasuwa ta bayar a ranar. Kowane ɗalibi da tsohon farantinsa da aka ɗiga wa fenti a gefe-gefe, ja da rawaya da shuɗi da kore da fari, kowanne nesa da wani. Dokar ita ce ba a damawa. In kana son ruwan goro, ka sa ja tsantsa, ka sa rawaya tsantsa kusa da shi, ka bar idon mai kallo ya yi aikinsa. Duk wanda ya cakuɗa launi uku a faranti, kawu zai leƙa ya tambaye shi ko kunu aka aiko shi ya dama. Yakan ce launi kamar mutanen gari ne, a maƙwabtaka suke da kyau, in ka cusa su ɗaki ɗaya sai taɓo. Mu kuwa hancinmu a kan kwali muna ta ɗige-ɗige, abin ba ya kama da komai sai cutar ƙyanda, har sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku ja da baya." Sai mu ja har jikin bango, sai ga albasa zaune, da ɓawonta, da sheƙinta, da wata shuɗiyar inuwa a gindinta wadda da safe za mu rantse babu ita.

Wannan "ku ja da baya" ta bi shi ko'ina. Da ita yake raba faɗan yara, da ita ya ba ni shawara lokacin da na zo masa da zancen aure. Har yau in ɗalibaina suka rikice da yaƙe-yaƙen Gobir da Katsina, nakan ji ta ta fito daga bakina ban shirya ba.

Darasinsa na farkon shekara shi ya jawo masa rigima. Yakan aza jan tattasai guda a kan farin ƙyalle ya ce mu zuba masa ido, kada mu ƙifta, har hawaye ya taru. Sannan ya ce mu dubi bangon da aka shafa wa farar ƙasa. A nan, a bangon da babu komai, sai ga wani tattasai kore shar yana shawagi, in ka juya ido ya bi ka, in ka kai hannu babu shi. Da wannan yake nuna mana cewa kowane launi yana tafe da abokin tafiyarsa a ɓoye, shi ya sa inuwar ja take da kore a ciki, ta lemun zaƙi take da shuɗi. Wata yarinya, ɗiyar ƙanen limamin unguwa, ta koma gida ta ce malam yana fito musu da koren tattasai daga cikin bango. Kashegari liman ya zo lakol, makarantar tamu, da kansa, da rawaninsa, direkta na biye da shi yana ba da haƙuri tun ba a faɗi laifin ba.

Ina cikin ajin a ranar. An yi musu mai zafi, liman yana maganar sihiri da surori, kawu yana maganar haske. Da magana ta ƙi ƙarewa sai kawu ya share benci da hannun rigarsa ya roƙi liman ya zauna. Liman ya dubi tattasan, da niyyar ƙaryata shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi bango. Muka ga carbin hannunsa ya tsaya.

"Wannan na ina ne?"

"Na cikin idonka ne, Allah ya gafarta malam. Da shi aka halicce ka."

Liman ya sake duban bangon. Da ya tashi bai ce an yi daidai ba, bai ce an yi kuskure ba. Sharaɗi ya kafa: kawu ya zana duk abin da yake so cikin kayan da ba su numfashi, amma kada hannunsa ya taɓa fitar da surar abu mai rai, ko mutum, ko akuya, ko ƙudan da ya sauka kan mangwaro, don mai yin haka za a ce masa ya busa wa abin rai ranar da ba shi da iko. Kawu ya ba shi hannu a gabanmu. Daga nan suka zama abokan musu na har abada. Sun yi damina guda suna jayayya a kan busasshen kifi, liman ya ci musun. A kan ƙwai kuwa an daidaita cewa ya halatta in dafaffe ne.

Wadda ta fi shan wahalar wannan ilimi matarsa ce, wadda muke kira Inna. Ba a taɓa kayan faifai sai zane ya kammala, zanen kawu kuwa ba ya kammala. Tumatir zai yi laushi, ya yi ruwa, ya fara tsiro gashi, kawu yana murna wai yanzu ne shunayya ta fito. Inna ta yi faɗa, ta yi yaji sau ɗaya zuwa Gidan Sori, ta dawo ta iske albasarta ta tsiro a kan faifai yana zana tsiron. Daga baya ta koyi sayen komai kashi biyu, na tukunya da na malam. In baƙuwa ta tambaye ta aikin maigidanta, takan ce gadin kayan miya yake yi.

Baƙin fenti kuwa haramun ne a ajinsa. Kowane akwatin fenti da ɗan bututun baƙi yake zuwa, kawu kuma yakan bi benci-benci ranar farko ya karɓe su, ya jefa a wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ke bayan ƙofa. Shekara da shekaru tukunyar tana cika. Mu ɗalibai tsoronta muke ji, ba mu san dalili ba, ko shara ake yi sai a kewaye ta. Shi wancan mai kukan da na ambata, a zamaninmu shi ne na ƙarshe a aji. Duk launin da ka ba shi sai ya mayar da shi ruwan kwata. Kawu ya yi masa tsawa, ya yi lallashi, ya tsayar da shi a jikin bango, a banza. Amma yana da hannun rubutu, harafinsa a miƙe kamar soja. Da ya bar lakol ya rasa abin yi, ya kafa ƴar rumfa a bakin tasha yana rubuta sunayen shaguna da lambar amalanke. Wata safiya sai ga kawu a bayan ɗan kabu-kabu, rungume da tukunyar nan. Ya dire ta a rumfar ya ce masa, "Ungo, je ka ci abinci. Duniya baƙi take so." Ya hau babur ya koma. Mutumin ya ce mani da tukunyar nan ya yi aure.

Bayan kawu ya ajiye aiki sai ya mayar da ajin shagonsa na ƙofar gida. Samari masu son rubutun allo suna zuwa, da ƴan mata masu zanen lalle, da wasu malaman lakol na ƙauye. A shekararsa ta ƙarshe ya sallame su duka, ya ce ya gaji da surutu. Kullum da hantsi, lokacin da rana take shigowa ta tagar gabas, sai ya shiga ya turo ƙofa. Bayan tagar nan ba hanya ba ce. Wani ɗan lungu ne tsakanin shagon da katangar maƙwabci, an toshe bakinsa da ƙaya tun da daɗewa saboda awaki.

Inna ta ce a lokacin ne ta fara jin yana magana shi kaɗai. Ba hira ba, irin maganar da yake wa ɗalibi ce. Takan zo wucewa da tsintsiya ta ji ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, wai a matsa kaɗan, ana tare masa haske. Ta leƙa lungun ba sau ɗaya ba. Ƙaya tana nan yadda take, ko sawun kaza babu.

Na kai masa ziyara lokacin mangwaro. Da rana tsaka ne, zafi kamar a gasa gurasa, ya jera mani zanukan watannin baya a jikin bango ya ce in ja da baya. A zanen albasa da tumatir na lokacin sanyi akwai wani ɗan shuɗi a bakin ƙyalle, wanda za ka ɗauka lanƙwasar yadi ce. A na mangwaro ya hau ƙyallen sosai har ya taɓa gefen faifai, ya kuma yi wani zagaye a sama. Na tambaye shi inuwar mene ce, ina dariya, don in ba shi hanyar ya yi dariya shi ma.

"Ni abin da ya faɗo kan faifai nake zanawa," in ji shi. "Ɗaga kai ba aikina ba ne."

Na ce to ai sai ya rufe tagar. Ya dube ni irin kallon da yake wa mai dama kunu a faranti. Can kuma, yana goge buroshi da tsumma, ya ce, "Amma ka lura da abu guda. Shi ma tasa ba baƙa ba ce." Ya faɗi haka ne da jin daɗin malamin da aka kawo wa shaida daga waje.

Ranar Talatar, in ji Inna, ya shiga da hantsi kamar kullum. Ta ji ya ce, "To, tsaya nan." Kafin azahar ya fito ya kira ta ya ce ta ɗauki kayanta, ya gama. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Ta ce a nan gabanta ya faɗi, ba lokacin da ta je tashinsa bayan salla ta iske ya tafi ba. Gautar da kuɓewar da tattasan kuwa, da yake ba ta saba zubar da abinci ba, a miyar masu zaman makoki suka shiga. Na ci, kowa ya ci. Ba ta faɗa mana ba sai da aka wanke kwanoni.

Rigimar ta taso ne kafin sadakar bakwai. Babban ɗan kawu, taubashina, mai sayar da kayan babur a Maradi, ya ce a ƙone zanukan shekarar ƙarshe duka. Ba mugunta ba ce. Mutum ne mai tsoron Allah, mai son ubansa, kuma ya zauna a tabarmar nan kafin ni. Hujjarsa a fili take: tsoho ya yi alkawari gaban shaidu ba zai fitar da surar mai rai ba, ga kai ga kafaɗu, duk garin ya gani. In an bar abin, kowane ido da ya faɗa kansa ƙarin nauyi ne a kan wanda ke kwance. Inna ba ta ce a ƙone ba, ba ta ce a bari ba, amma ta daina cin abinci. Ta ce mani duk ta rufe ido sai ta gan shi ana ce masa ya busa rai, shi kuwa ko hura wutar murhu bai iya ba.

Ni na tsaya a kan kada a ƙone. Na ce inuwa ba sura ba ce, rashin haske ne. Taubashina ya ce in ajiye wannan Faransancin sai na koma Agye, ya kuma tuna mani cewa mu ƴaƴan mace ba mu da gado a gidan sai na surutu. Na ce shi da ya kasa zana ƙwallo da ƙasan kofi ba shi da bakin magana a kan zane. A wata rana da an yi dariya. A ranar ya riga ya sa an tara kara a bayan gida. Abin da muka iya yarda a kai kawai shi ne a kira wanda aka yi alkawarin da shi.

Liman ya tsufa ƙwarai, amma idonsa garau, har yanzu ba ya karatu da tabarau. Ya zo da hantsi yana dogara sanda. Taubashina ya buɗe shagon. Zanen yana nan a kan mariƙinsa, sauran suna jingine a bango, daga na albasa har zuwa na gauta, kamar hoton mutum guda yana tahowa. Inna tana tsaye daga bayan ƙyauren cikin gida, cikin mayafin takaba, inda za ta ji.

Ina kallon fuskar liman lokacin da ya kawo bakin ƙofa. Daga nan ne ake ganin abin sosai. Ya tsaya. Carbin hannunsa ya tsaya, kamar wancan karon. Sannan ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa, ya taka, ya taka, bai ɗago ba sai da gemunsa ya kusa shafar fentin. Ya daɗe a nan. Ya bi katakon da ido daga sama har ƙasa, yana faɗin abin da yake gani da ƙarfi kamar mai ba da shaida gaban alƙali: ga shuɗi, ga wani shuɗin, ga ja, ga wannan mai kama da ruwan goro. Ya ce ya duba bai ga ido ba, bai ga baki ba, bai ga layi ko ɗaya da ya zagaye wani abu ba. Ɗige-ɗige ne, ba a kuma taɓa hana bawan Allah ɗiga launi kusa da launi ba.

Taubashina ya ce, cikin ladabi, "Allah ya gafarta malam, ai sai an ja da baya ake gani."

"Ni ba ɗalibinsa ba ne," in ji liman. Bai motsa daga inda yake ba.

Sai muryar Inna daga bayan ƙyaure, a dushe, tana tambaya, a can fa, inda aka kai shi, daga nesa ake dubawa ko daga kusa.

Liman ya juya wajen muryar, a hankali, ta yadda bayansa ne ke fuskantar zanen. Ya ce, "Mai dubawa a can, babu wanda ya kai shi kusanci. Je ki ci abinci."

Da zai fita ya ƙara da cewa, tun da mutanen gari ba su da wannan kusancin, a nemi wuri mai ƙunci a rataye zanukan. Ya fita bai waiwaya ba, har ya kai bakin titi kansa a sunkuye. Na raka shi, na so in yi masa godiya, ya katse ni da tambayar ko gero ya yi kyau a wajenmu bana.

Akwai wani siririn lungu a gidan tsakanin ɗakin Inna da rumbu, wanda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Nan muka rataye su, ni da taubashina, shi yana buga ƙusa ni ina miƙa masa, yana ce mani ko riƙon ƙusa ban iya ba. In ka tsaya a lungun bayanka na jikin rumbu, hancinka kusan a kan katako, ba abin da za ka gani sai launi tsantsa, ja kusa da kore, shuɗi kusa da ruwan goro, kyakkyawa kamar zanen gado. Karan da aka tara Inna ta dafa tuwon sadakar bakwai da shi, ta kuma ci. Tagar gabas taubashina ya sa an toshe ta da bulo. Ban hana shi ba. Inna ta ce jikokinta suna wasa a ko'ina cikin gidan ban da lungun zanukan, ba kuma wanda ya hana su.

Na rubuta wannan ne don kada a ce an yi wani malamin zane a Gidan Rumji a wuce. Ya koya wa yaran manoma da na makiyaya cewa abin da suke gani kullum ba su taɓa ganinsa ba. Ya cika alkawarin da ya ɗauka iyakar abin da ke hannunsa, abin da ya zo ya tsaya masa a taga kuwa ba shi ya gayyato shi ba, bai kuma yi masa ƙarya a kan launinsa ba. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa haske ya shigo masa ta inda ba mai tarewa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ƙara wa liman lafiya.

Kafin in koma Agye na je maƙabarta. Taubashina ya sa an kafa ɗan allon ƙarfe a wajen kai don kada kabarin ya ɓace cikin ciyawa, tsohon ɗalibin nan na bakin tasha kuma ya roƙi a bar masa rubutun. Harafin a miƙe yake kamar soja. Da baƙin fenti ya rubuta, ragowar na tukunyar. Ya ce shi ne ba ya koɗewa a rana.